Welch: Garin Da Fursunoni Suka Ƙara Wa Yawa

Wanda ya duba ƙidayar jama'ar Amurka ta 2020 zai ɗauka garin Welch, a jihar West Virginia, ya fara farfaɗowa. A 2010 mutum 2,406 aka ƙirga, bayan shekara goma suka kai 3,590. Amma ba masana'anta aka buɗe ba, ba kuma 'yan gari da suka tafi neman kuɗi ne suka dawo ba. Gidan yarin tarayya aka gina a gefen garin, kuma a Amurka inda fursuna yake kwana nan ake ƙirga shi.

Welch ita ce hedikwatar gundumar McDowell, a tsakiyar duwatsun Afalachiya. Kwal ne ya kafa ta. A 1950 gundumar tana da mutum kusan 100,000, jiragen ƙasa na kwashe kwal dare da rana zuwa kamfanonin narka ƙarfe. Motoci sun yi wa garin yawa har hukuma ta gina musu bene na ajiya tun 1941. Sai injinan haƙa suka shigo, aikin da ƙarti da dama ke yi da shebur ya koma hannun mutum kaɗan. Kwal na fita, albashi ba ya shiga gari. Da kamfanin US Steel ya rufe ramukansa na garin Gary da ke kusa a 1986, sai abin ya zama gudu. A 2020 mutum 19,111 suka rage a duk gundumar.

Abin lura shi ne waɗanda suka tafi: matasa masu ƙarfi da masu takardar makaranta. Aka bar tsofaffi da waɗanda ƙurar kwal ta cinye wa huhu. Daga baya ƙwayoyin kashe ciwo suka yi wa sauran matasan mummunar ɓarna, har ya zama ba abin mamaki ba ne a ga kaka tana renon jikoki ita kaɗai.

Samun kuɗi ma haka ya bi. In aka jera gidajen gundumar daga mai ƙaramin samu zuwa mai babba, abin da gidan tsakiya ke samu a shekara bai kai rabin na takwaransa a ƙasar baki ɗaya ba, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku talaka ne a ma'aunin gwamnati. Kaso mai tsoka na kuɗin ma daga gwamnati yake fitowa: fansho, kuɗin naƙasa, tallafin abinci. Wannan tallafin yana da tarihi a nan. John Kennedy ya zo yaƙin neman zaɓe a 1960, ya ga yunwa da idonsa, kuma bayan ya zama shugaban ƙasa, a 1961 wani iyali na McDowell ne ya fara karɓar takardun abinci na sabon shirin tallafin a duk Amurka.

A ganina, rashin abin saye ya fi ƙarancin kuɗin ciwo. Da kantin Walmart na garin Kimball ya rufe a 2016, mutane da yawa sai sun yi doguwar tafiya a kan hanyoyin dutse masu lanƙwasa kafin su sami ɗanyen kayan miya. Malaman makaranta kuwa sun riƙa ƙin zama saboda babu gidan haya na kirki, sai da ƙungiyar malamai ta ƙasa ta sa hannu aka gina musu bene a tsakiyar Welch.