Harajin Kafin Alƙalami a Afirka ta Kudu: Jita-jita da Abin da Doka Ta Ce

Sau biyu a shekara, masu kamfanoni a Afirka ta Kudu kan cika fom ɗin IRP6 su biya SARS, hukumar harajin ƙasar, wani ɓangare na harajin ribar shekarar da ake ciki. Ga kamfanin da ke rufe lissafinsa a Fabrairu, lokutan biyan su ne ƙarshen Agusta da ƙarshen Fabrairu. Da zarar wa'adi ya matso, sai maganganu su yi yawa a bakin 'yan kasuwa.

Wadda ta fi yawo ita ce wai wani ƙarin haraji ne aka ɗora a kan na shekara. Ba haka ba ne. Harajin nan guda ne, an dai ce a riƙa biyansa tun kafin a rufe littafi. Kamfanin da ke biyan kashi 27 cikin ɗari, in ya ƙiyasta ribar rand 600,000, harajinsa 162,000 ne. Zai ba da 81,000 a Agusta, ya cike sauran a Fabrairu bisa sabon ƙiyasi. Ranar lissafin ƙarshe za a cire duk abin da ya bayar, in ma ya zarce a mayar masa da rarar. Masu cewa ana mayarwa sun yi gaskiya, sai dai ba nan take ba.

Wai kuma na manyan kamfanoni ne. Dokar harajin kuɗin shiga ta 1962 ba ta duba girma ba. Kamfanin kasuwanci, ko na mutum ɗaya ne, yana ciki. Haka mai albashin da ke taɓa sana'a a gefe, in abin da yake samu ya kai a biya haraji a kansa. Rashin riba ma bai ɗauke wa kamfani cika fom ba, sifili zai rubuta ya miƙa.

Inda aka fi yin asara shi ne wata dabara da ake raɗa wa juna: rubuta ƙaramin adadi a Fabrairu, ai akwai biya na uku a ƙarshen Satumba, sai ka gyara. Rabin maganar daidai ne, shi ya sa take cin mutane. Biya na uku yana nan, na ganin dama ne, kuma yana tare kuɗin ruwan da zai hau kan bashin. Amma tarar ƙiyasin da ya gaza, da adadin Fabrairu ake auna ta. Ana son ƙiyasin ya kai kashi 80 ko 90 cikin ɗari na ainihin ribar, gwargwadon girmanta. In bai kai ba, tara ta kashi 20 cikin ɗari na giɓin harajin na iya biyo baya, kuɗin Satumba kuwa ba ya goge ta. Masu ƙaramar riba suna da mafaka: su jingina da adadin da hukumar ta tantance musu a lissafinsu na baya. Ko a nan, SARS na da ikon cewa a kawo hujja, ta kuma ɗaga ƙiyasin in ba ta gamsu ba. A ganina, akantan da ya ba ka shawarar ƙasƙantar da riba da gangan, rance mai tsada ya ci da sunanka.

Sai batun rana. Wasu na zaton in wa'adi ya faɗa Asabar ko Lahadi, an samu sararin Litinin. Baya ake ja, ba gaba ba. 31 ga Agusta 2025 Lahadi ce, don haka Juma'a 29 ga wata aka rufe. Wanda ya makara, tarar kashi 10 cikin ɗari ce a kansa, ga kuɗin ruwa, kuma miƙa fom ta eFiling, shafin intanet na SARS, ba biya ba ne sai kuɗin sun isa asusun hukumar.

Galibin masu makara sun san ranar sarai, kuɗin ne suka riga suka shige cikin kaya da bashin da ke hannun abokan ciniki. Wanda ke daidaita littafinsa duk wata, yana ware kason haraji a wani asusu daban, ya kuma zauna da akantansa tun a Yuli da Janairu, shi ne yake da adadin da zai rubuta da kuɗin da zai tura.