Shinkafar Bakolori, Man Fetur da Ɗumamar Duniya

'Yan'uwa manoma na Talata Mafara da Bakura da Maradun, kun sha jin ana maganar ɗumamar duniya a rediyo. A shekarar 2021, a taron Gilasgo, Nijeriya ta yi alkawari cewa nan da 2060 za ta rage iskar da ke ɗumama duniya har ya zama abin da take fitarwa bai wuce abin da take shafewa ba. Mai yiwuwa wani ya ce wannan zancen masu masana'antu ne. To, gonar shinkafa ma tana ciki.

Ga yadda abin yake. Sa'ad da ruwa ya kwanta a gona mako da mako, iska ba ta shiga ƙasa. Ciyawa da karan shinkafa suna ruɓewa a cikin laka, suna fid da wata iska da ake kira mitan. Ba a ganinta, amma wajen riƙe zafi ta fi hayaƙin mota ƙarfi fiye da sau 25.

Masana a cibiyar binciken shinkafa ta ƙasar Filifin sun gwada wata dabara mai arha. A sami bututun roba mai tsawon ƙafa 1, a huda rabinsa ramuka, a binne wannan rabin a gona, a kwashe lakar ciki. Bayan an ba da ruwa, a bar gona ta tsotse. Kada a sake sako ruwa sai na cikin bututu ya sauka inci 6 ƙasa da doron ƙasa. Amma lokacin fure, lalle ruwa ya zauna. Sun ga ana iya rage ruwa har kusan kashi 30 cikin 100, mitan ta ragu ƙwarai, amfani kuwa bai faɗi ba.

Wa zai ci ribar? Nan ne maganar take. Mai injin ban ruwa a fadama zai gani a aljihunsa, gama tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Kowane ban ruwa da ya tsallake, kuɗi ne ya rage.

Wanda ke shan ruwan magudanar madatsa, nasa dabam ne. In bisa girman gona yake biyan kuɗin ruwa, ko ya rage ko bai rage ba, kuɗin ɗaya ne. Mai gona a ƙarshen magudana kuwa ba zai yarda gonarsa ta bushe ba in bai tabbata ruwa zai iso ranar da yake bukata ba. Ba taurin kai ba ne, lissafi ne.

Mutanen wannan yanki sun san abin da ke faruwa in an shirya abu daga sama. An gama madatsar Bakolori a 1978, aka karɓe gonaki, diyya ta yi jinkiri, har rikicin Afrilu 1980 ya ci rayukan manoma da yawa. Saboda haka ƙungiyarku ta gama kai ta fara zama da ƙungiyar masu amfani da ruwa, a rubuta ranakun rabon ruwa, a tambayi hukuma ko wanda ya rage ruwa zai sami rangwame. Sa'an nan a gwada a gona guda a noman rani mai zuwa, a rubuta litar mai da buhunan da aka samu. A sa ido a kan ciyawa kuma, don tana saurin tasowa inda ƙasa ta sha iska.