Gafakar Malam Bayan Rasuwarsa

A gidajen malamai da yawa, daga Sakkwato har Yola, akwai wani ɗaki ko wani akwati wanda ba a cika buɗewa ba tun ranar da mai shi ya rasu. A ciki akwai gafaka, cikin gafaka akwai tadarishi, cikin tadarishi kuwa ga takardu jibge, rubutun hannu, waɗansu da Larabci, waɗansu da ajamin Hausa ko na Fulatanci. Magada suna girmama su ƙwarai, har ba su yarda kowa ya taɓa. Amma gara ba ta neman izini.

Takardar da magabata suka yi rubutu a kai ba irin ta yau ba ce. Yawancinta daga ƙasar Italiya ta fito, fatake suka ɗauko ta bisa raƙuma daga Tarabulus, suka ƙetaro hamada da ita har Kano. In aka ɗaga ta wajen haske, sau da yawa a kan ga alamar jinjirin wata guda uku a jikinta, watau tambarin masu yin ta. Da tsummoki aka yi ta, shi ya sa ta ke da ƙarko, har ta kan shekara 200 ba ta karye ba. Takardar inji da ta zo daga baya da itace aka yi ta, tana da tsami a jikinta, ba ta daɗewa sai ta yi ja, ta riƙa ɓarɓashewa a hannu. Saboda haka a kan sami littafin kaka da sauran ƙarfinsa, na jika kuwa ya riga ya lalace.

Tawada ma iri biyu ce, kowace da cutarta. Ta gawayi da ƙaro a bisa takarda ta ke zaune, ɗigon ruwa ɗaya daga rufin soro ya isa ya wanke sahu guda. Wadda aka dafa da bagaruwa da ƙarfe kuwa ba ta tsoron ruwa haka, amma in ta sami danshi sai ta riƙa cin takardar sannu sannu, har harafi ya zama rami.

Danshin nan ba ƙaramin abokin gaba ba ne. Mutanen Tumbutu sun gani, sa'ad da 'yan tawaye suka kama garinsu a 2012, suka kwashe littattafansu a ɓoye zuwa Bamako. Waɗanda aka bari a Cibiyar Ahmad Baba, an ƙone wajen 4,000 daga cikinsu a watan Janairu na 2013. Waɗanda suka tsira daga wuta kuma sai ga su a garin da damina ta fi nauyi, dole aka nemi na'urar tsotse danshi da akwatunan kwali marasa tsami domin kada fumfuna ta gama da su.

To, amma a ƙasar Hausa abin da ya fi wuta ɓarna shi ne rabon gado. Littattafan nan ba ɗinke su ke ba, warƙa warƙa ne, kuma galibi ba su da lamba. Abin da ke tsare jerinsu kalma ɗaya ce tak, wadda marubuci ya kan sa a gindin shafi, ita ce kalmar farko ta warƙar da ke biye. In aka zo rabo, wanda bai san haka ba ya kasa takardu bisa ga tsawonsu, wannan ya ɗauki kashi, wancan ya ɗauki kashi, to, littafi ɗaya ya rabu gida uku ke nan, farkonsa a Zariya, ƙarshensa mai ɗauke da sunan marubuci da shekarar da ya gama a wani gari dabam. Kowane magaji ya sami takarda, babu wanda ya sami littafi.

Akwai kuma ɓarnar masu kyakkyawar niyya. Wani ya ga takarda ta yage sai ya liƙa mata salatif, bayan shekaru kaɗan danƙon ya ratsa ta, ya bar tabon da ba ya fita. Wani ya ƙulle ta cikin leda, ledar ta tara gumi. Mafi muni shi ne a kai ta shago a manne ta cikin roba da zafi, domin wannan ba ya warwaruwa.

Hukuma ta yi nata ƙoƙari. An buɗe ma'ajin takardun tarihi a Kaduna a 1957, a 1964 kuma aka fara shirin binciken tarihin Arewa a Jami'ar Ahmadu Bello, masu bincike suka bi gidaje suna aron littattafai suna ɗaukar hotonsu. A 1970 Farfesa Abdullahi Smith ya kafa Arewa House a tsohon gidan Sardauna. Waziri Junaidu na Sakkwato, wanda ya rasu a 1997, ya buɗe wa masu neman sani taskarsa. Duk da haka, abin da ke hannun jama'a yana da yawa ƙwarai, kuma mai tsaronsa shi ne mai gida.

Abin da masana gyaran takarda ke roƙon mai gida ba mai tsada ba ne. A ɗauke akwati daga ƙasa, a nisanta shi da bango, a riƙa dubawa kafin damina da bayanta, a share ƙurar hunturu da burushi mai laushi, da hannu busasshe. Kafin a kira masu rabon gado kuwa, a nemi almajirin da ya iya bin kalmar gindin shafi, ya jera kowane littafi, ya sa wa kowace warƙa lamba da fensir, sa'an nan a ɗauki hotonta.