Sunan da Haja Bebe ya raɗa wa yaro

A gidan makaɗa, yaro ba ya fara da jan waƙa. Sai ya yi shekaru yana ɗaukar kaya, yana amshi a bayan maigida, kafin a ba shi fili. Haka abin yake ga masu kalangu a zangon Salaga da Bawku, haka ga masu gangar luŋa a fadar Yendi, haka kuma ya kasance ga Umaru Muktar, Ba'abzinen da duniya ta sani da Bombino.

An haife shi a 1980 a Tidene, kusa da Agadas. Tawayen 1990 ya kori iyalinsa zuwa Tamanrasset ta Aljeriya, inda wasu 'yan uwa suka bar jita a gida, yaro ya ɗauka. A can da Libiya ya riƙa kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler, yana bin yatsunsu da ido.

Amma kallo ba ya mai da mutum makaɗi. Wanda ya yi wannan aikin shi ne Haja Bebe, gwanin jita na Agadas, da ya jawo shi cikin ƙungiyarsa bayan ya dawo Nijar. Da yake shi ne ƙaramin cikinsu, sai suka riƙa kiransa Bombino, daga kalmar Italiyanci mai nufin ɗan yaro. A nan ne, a ganina, aka ƙera shi: wajen biki da taron jama'a, inda in hannunka ya yi sanyi 'yan rawa su watse, babu mai lallashinka. Abin yana min ciwo yadda jaridun Turai ke wuce sunan Haja Bebe da layi ɗaya.

Sai ƙungiyar Tidawt, wadda ta kai shi Kalifoniya a 2006. A tafiyar ya yi kiɗa a wani faifai da Keith Richards da Charlie Watts na Rolling Stones suka sa hannu, ya dawo gida ya riƙa yi wa baƙi jagora a sahara.

Ƙungiya ta uku tasa ce, Group Bombino, kuma ita ce ta sha wuya. Da tawaye ya sake ɓarkewa a 2007, hukuma ta ɗauki jitar Abzinawa a matsayin muryar 'yan tawaye. Aka kashe biyu daga cikin abokan kiɗansa, Allah ya jiƙansu. Shi ya tsere Wagadugu, inda Ba'amurke mai shirya fim, Ron Wyman, ya gano shi a 2009.

A Janairun 2010 Bombino ya koma gida ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas, da yardar Sarkin Abzin. Faifan Agadez ya fito a 2011, Nomad a 2013, sannan Deran na 2018 ya sa shi zama ɗan Nijar na farko da ya shiga takarar Grammy. Sunan da aka rubuta a takardar takarar shi ne wanda aka raɗa masa a ƙungiyar Haja Bebe.