Tarko a Harabar Gida: Me Alƙaluman Yaƙi da Tsuntsun Maina Ke Faɗa?

A shekarar 1862 aka kai tsuntsun maina daga Asiya zuwa birnin Melbon na Ostireliya domin ya cinye ƙwarin da ke ɓata lambuna. Tsuntsu ne mai ruwan ƙasa da baƙin kai, baki da ƙafafunsa rawaya. Tsakanin 1968 da 1971 aka saki kimanin guda 110 a Kanbera, babban birnin ƙasar. Kafin 2006, wannan 'yar tsirarun ta hayayyafa har maina ya zama na 3 a yawa cikin tsuntsayen da ake gani a gidajen birnin. Tun a 2000 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin baƙin halittu 100 mafi ɓarna a duniya, kuma tsuntsaye 3 kacal ne a jerin.

Laifinsa ƙwacen gida ne. Aku da sauran tsuntsayen ƙasar da yawa a kogon bishiya suke sheƙa, kogon kuwa sai bishiya ta tsufa ƙwarai yake samuwa. Maina yakan kori mai gida ya gaje wurin. Binciken Kate Grarock da abokan aikinta na Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya, wanda ya fito a 2012 bisa ƙidayar shekaru 29, ya gano cewa inda maina ya kafu, nau'i 3 na masu sheƙa a kogo da nau'i 8 na ƙananan tsuntsaye sun ja baya.

A 2006 mazauna birnin suka kafa ƙungiyar sa-kai ta CIMAG, Bill Handke na kan gaba. Makaminsu kejin waya ne da ake ajiyewa a harabar gida, a zuba abincin kare a ciki. Cikin shekaru 15 na farko sun ba da rahoton kama sama da 70,000, maina kuma ya fice daga goman farko a ƙidayar tsuntsayen gidajen birnin. Wannan aiki ne na mutanen da ba a biyansu ko sisi, kuma ya cancanci yabo.

Sai dai 70,000 jimilla ce, jimilla kuwa ba ta nuna ko ana cin yaƙi. A raba ta shekara-shekara, za a samu kusan 5,000. Mace ɗaya tana yin ƙwai 4 zuwa 5, kuma takan yi fiye da sau ɗaya a lokacin haihuwa. Idan aka cire wasu, waɗanda suka rage sukan samu yalwar abinci da koguna, 'ya'yansu su fi rayuwa, na unguwar maƙwabta su shigo su cike gurbi. Manomin da ya ga an yi wa tsuntsayen jan-baki feshi bana, baɗi kuma suka sake rufe masa gona, ya san wannan lissafi.

Grarock ta koma kan batun a 2014, kuma a nan ne lambar da ta fi muhimmanci ta fito: 25. Lissafinta ya nuna sai an cire tsuntsu 25 a kowace murabba'in kilomita duk shekara kafin yawansu ya ragu. A unguwannin da tarkuna suka yi yawa, an ga raguwa a fili. A faɗin birnin kuwa ba a ga tasiri mai ƙarfi ba. Dalilin a bayyane yake: tsuntsu 5,000 a shekara ya ishi murabba'in kilomita 200 ne kawai, Kanbera kuwa ta zarce haka nesa ba kusa ba. Ita ma ƙidayar da ta nuna faɗuwarsa daga na 3, a gidajen mutane ake yinta, inda tarkunan suke, kuma maina tsuntsu ne mai wayo da ke ƙaurace wa wurin da ya ga haɗari. Wani ɓangare na raguwar zai iya zama ƙaura ce.

Tsibirin Atiu na Tsibiran Kuk ya nuna abin da cin yaƙin ke bukata. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 27 ne, mazaunansa 'yan ɗaruruwa. A 2007 aka maido masa wani ɗan aku mai suna kura, guda 27, maina ya tasa su gaba. Da aka fara aikin kawar da shi a 2009, an ƙiyasta maina 6,000 ne a tsibirin. Kafin a gama da su cikin kimanin shekaru 6, da guba da tarko da bindiga da ladan kamawa, an kashe wajen 26,000, wato fiye da ninki 4 na adadin farko. Wannan ya kai kusan 160 a kowace murabba'in kilomita a shekara. Teku kuma ta hana sababbi shigowa, gatan da Kanbera ba ta da shi.

A ganina masu sa-kai na Kanbera su ci gaba, amma su tattara kejinansu kusa da dazuzzukan da tsofaffin bishiyoyi suke, inda za a iya kai wa 25 ɗin, su kuma riƙa ƙirga kogunan da aku ya dawo cikinsu kamar yadda suke ƙirga abin da ya faɗa tarko.