Ƙuduji: Danginsa da Ƙasar Asalinsa

Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, ɗan ƙaramin tsiro ne mai fure ja-ja, wanda kan bayyana a gonakin dawa na ƙasar Gwarzo da Kabo idan damina ta yi nisa. Ya kamata hakimai da malamansu su san danginsa da asalinsa, domin a kan sanin nan maganinsa ya rataya.

Masana tsirrai suna kiran jinsinsa Striga, wanda ke da iri fiye da talatin, yawancinsu a Afirka. A shekarar 1813 wani Bafaranshe, Delile, ya bayyana irin da ke kama dawa bayan ya gan shi a Masar. A 1836 Bentham, Baturen Ingila, ya sa masa sunan da ya tabbata, watau Striga hermonthica. A yau ana lissafa shi cikin gidan Orobanchaceae, na tsirran da ke tsotson saiwar wasu.

Ƙuduji ba baƙo ba ne. Masana suna ganin tushensa yana duwatsun Nuba na Sudan da tuddan Habasha, yankin da dawa kanta ta fito. Ana samunsa daga Senegal har Habasha da kudancin ƙasar Larabawa.

Iri biyu ne suka fi damun manoman ƙasar Kano. Na farko shi ne wannan mai kama dawa da gero da masara. Na biyu, Striga gesnerioides, gajere ne mai ƙananan furanni, wake yake kamawa, ba ruwansa da hatsi. Don haka gonar da na farko ya addaba sai a juya ta da gyaɗa ko auduga ko waken suya. Saiwarsu tana sa 'ya'yansa su tsiro, su rasa abin kamawa, su mutu. Inda na biyu yake kuwa, kada a maimaita wake.

Tsiro guda yakan zubar da 'ya'ya dubu hamsin ko fiye, masu iya kwana a ƙasa shekara goma. Saboda haka ana roƙon hakimai su umarci dagatai da masu unguwanni su sa talakawa su tuge shi kafin ya yi fure, su ƙone, su kuma yawaita taki. Malamai su rubuta irin da aka gani a kowane ƙauye, su sanar da malamin gona.