Ɗaurewar Jijiyar Ƙafa: A Yi Hattara da Kwinin

Mutum na tsakiyar barci sai sharaɓarsa ta ɗaure tamau, yatsun ƙafa su lanƙwashe, ya farka yana salati. Tsofaffi da masu juna biyu sun fi kowa sanin wannan azaba. Tsoka ce ke murɗewa da kanta, kuma yawanci takan saki cikin 'yan mintuna. Shi ya sa farasitamol ba ya tsayar da ita, domin kafin ya fara aiki ta riga ta wuce. Amfaninsa kawai rage tsamin da ke biyo baya.

Maganin da ya fi daɗewa a wannan fage shi ne kwinin, wanda muka sani a matsayin maganin zazzaɓin cizon sauro. Yana rage yawan ɗaurewar, amma ragin bai kai rabi ba, kuma haɗarinsa ba ƙarami ba ne. Yakan sa kunne kuka, ya rikita bugun zuciya, ga wasu kuma ya karya ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, har mutum ya yi ta zubar da jini. Tun 1994 hukumar FDA ta Amurka ta hana sayar da shi don wannan lalura ba da takardar likita ba, ta sake gargaɗi a 2010. A Ingila likita ba ya rubuta shi sai ciwon ya hana barci kuma sauran dabaru sun gaza, sannan a gwada makonni 4, in babu sauƙi a daina. Abin da ke damuna shi ne, a wurinmu mutum kan iya samunsa a kyamis ba tare da an tambaye shi komai ba.

Magnesium kuwa, duk da tallarsa, bitar binciken da ƙungiyar Cochrane ta fitar a 2020 ta nuna da wuya ya amfani tsofaffi masu wannan lalura. Bitamin B da maganin diltiazem suna da 'yar hujja, amma mai rauni.

Wani lokaci ma wani maganin ne ke haddasa ciwon, musamman masu sa yawan fitsari irin su furosemide da ake ba masu ciwon zuciya. A gaya wa likita, kada a daina sha da ka. In ciwon ya taso, a miƙe ƙafa a jawo yatsu zuwa sama, kuma a riƙa miƙe sharaɓa kafin kwanciya. Amma in ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, a tafi asibiti a ranar, domin mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya.